Tafiyar Ƙafa da Jaka a Baya: Jagora Daga Bakin Ruwan Yauri Zuwa Duwatsun Zuru

Kudancin jihar Kebbi yana da abu biyu da mai sha'awar tafiyar ƙafa yake nema, kuma tsakaninsu bai kai tafiyar wuni ɗaya a mota ba: ruwan Kainji da ya shimfiɗu daga Yelwan Yauri ya yi kudu, da duwatsun ƙasar Zuru. Tafkin tare shi aka yi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan Kwara ya ja da baya ya kwanta tsawon kimanin kilomita 135, ya shanye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa, aka ta da mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni, cikinsu har da Gungawa da dama. Duwatsun kuwa ba za a jera su da dutsen Shere na Jos mai mita 1,829 ba, balle Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419. Irin waɗanda ake hawa da safe a sauko kafin azahar ne, kuma ga wanda bai taɓa goya jaka ya shiga daji ba, wannan ai gaba ta kai shi.

A Turai akwai gidajen kwana masu araha da aka jera wa matafiya a bakin tafkuna da gindin duwatsu, ɗaki ɗaya gado shida ko takwas, kowa ya dafa abincinsa ya wanke kwanonsa. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ya buɗe na farko a garin Altena a 1912. Mutum yakan tashi daga wannan gida ya kwana a wancan har mako guda cur, babu wanda ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Wanda ya kwaso wannan tsari ya kawo shi Shanga ko Ngaski zai sha tambaya, in ma abin ya tsaya a tambaya. A ƙasarmu, musamman a wannan zamani, da sunan wani matafiyi yake tafiya. Shi ya sa na birkita jerin da aka saba: lokaci da labarin hanya da mai masauki su ne gaba, jaka da takalmi su biyo baya.

Mataki na farko: zaɓen wata

Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, nan ne lokacin. Damina ta ɗauke, laka ta bushe, safiya da sanyi. Da Maris ya kama har Afrilu, zafin Yelwa yakan haura digiri 40, kuma zafin bakin ruwa da gumi yake zuwa. Tafiyar awa biyu sai ta zama azaba. Damina kuma ciyawa ta rufe turba, iska tana tayar da igiyar ruwa ba sallama.

Akwai wani abu da baƙo bai cika sani ba. Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara. Na farko farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminarmu ne da gulaben nan kusa suke zubawa, mai laka. Na biyu baƙin ruwa, wanda aka yi samansa can duwatsun Gini, ya ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake iso mana, ya tace garau. Ke nan a tsakiyar hunturu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, tafkin cike yake. Ga ido abin sha'awa ne, amma turbar fadama da taswirar waya ta nuna maka tana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa. Sai bazara ta gabato ruwan ke janyewa, manoma su bi sawunsa da shuka. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi a kowane gari ita ce: ruwa ya saki hanyar gari kaza?

Ni Nuwamba na fi so, don hazo bai sauko sosai ba, daga kan dutse ana hango nesa. In kuma kana son haɗawa da bikin Rigata na Yauri ko Uhola na Zuru, waɗanda duk cikin rani ake yin su, to ka kama ɗaki tun da wuri, domin ranakun nan ko tabarmar zaure tana da mai ita.

Mataki na biyu: labarin hanya

Ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba. A ranar 17 ga Yunin 2021 aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, bayan 'yan kwanaki kuma aka kwashi ɗalibai a Papiri, ƙasar Agwara, wadda ke ƙetaren ruwa daga Yauri. Duk wanda zai gaya maka ka ɗauki jaka ka bi inda ranka ya so a wannan yanki, ba masoyinka ba ne.

Abin da ya rage mana shi ne tafiya mai gindi: ka sauka a babban gari, Yelwa ko Zuru, ka fita da sassafe zuwa inda 'yan gari suka ce lafiya lau ne a ranar, ka dawo kafin la'asar. Kwana a daji, kafa tanti, tafiyar dare, duk ka cire su daga lissafi. Gandun dajin Kainji da aka kafa a 1979, da cikin ƙasar Borgu da Agwara, da ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, a bar su sai Allah ya kawo sauƙi. 'Yan'uwa na Zamfara da za su ce ai ga dutsen Kwatarkwashi a gefen Gusau, ga ruwan Bakolori a wajen Talata Mafara, gaskiyarku; wuraren sun isa a je. Amma hukuncinsu ɗaya da waɗancan: sai masu garin da kansu sun ce a zo.

Labari kuwa daga baki uku ake ɗaukarsa. Direban tasha da ya biyo hanyar yau da safe, mai masaukinka, da wani daga cikin 'yan banga ko ofishin 'yan sanda na garin. In biyu sun ce lafiya ɗaya ya yi shiru yana sosa ƙeya, shirun nan shi za ka bi. Labarin shekaranjiya kuma ya riga ya tsufa. Ko ka ji shi da dare, sake tambaya da asuba.

Sai kuma hatsarin da samari ba sa kawowa a rai, wato a ɗauke ka a matsayin wanda ake tsoro. Ka duba kanka da idon mutumin ƙauyen da aka taɓa kora daga gonarsa: baƙin fuska huɗu, manyan jakunkuna, suna nuna tudu da yatsa, suna ɗaukar hoto. Me zai kira ku in ba infoma ba? Don haka kada ka sa komai mai kalar kakin soja, ko hula ce ko jaka. Farar hula ma doka ba ta yarda ya sa ba. Kada ka naɗe fuska da rawani ko da hazo ya yi yawa, takunkumin hanci ya isa. Kada ka ɗauki hoton shingen bincike ko gada ko wurin haƙar zinariya, wadda ake yi sosai a ƙasar Yauri, kuma masu ita ba sa son kyamara. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, bar shi a gida. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihun gaba. Ku kasance uku zuwa biyar: mutum ɗaya in ya gurɗe ƙafa ba mai kai labari, mutum goma kuma ayari ne da za a yi ta maganarsa har garin gaba.

Mataki na uku: mai masauki da masauki

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka sayi ko safa, nemo mutum ɗaya a Yelwa da mutum ɗaya a Zuru wanda zai ce "baƙona ne". Ba abu ne mai wuya ba in ka zauna ka yi tunani: abokin karatu, malamin firamare da aka yi wa canjin wurin aiki, ma'aikaciyar asibiti 'yar unguwarku, ɗan kasuwar da ke saro albasar Yauri, direban da ke lodin Zuru. Ka kira shi mako biyu kafin tafiya, ka faɗa masa ku nawa ne, kwana nawa, da abin da ya kawo ku. Ka faɗi gaskiya ko da za ta ba shi dariya. "Yawon ganin ƙasa da motsa jiki" amsa ce da ake ganewa. Ƙirƙiro bincike ko aikin wata ƙungiya shi ke jawo tambayar da ba ka da amsarta.

Masauki iri uku ne. Akwai ƙananan gidajen saukar baƙi na kuɗi a Yelwa da Zuru, inda mutum biyu ko uku za su haɗa kuɗin ɗaki ɗaya; ku faɗa wa mai gidan yawanku tun a waya, don wasu ba sa yarda a wuce biyu. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai lokacin hutu, in mai masaukinka ma'aikacin makaranta ne kuma hukumar makarantar ta amince, wannan shi ya fi kusa da na Turawan can a araha da cuɗanya. Sai zauren mai gari ko ɗakin baƙinsa, wanda a yanzu ban ba da shawarar kwana a cikinsa ba sai a garin da ke bakin babbar hanya kuma mai masaukinka ya tsaya maka. Kwanan tasha da na masallaci sun wuce. Yawancin masallatai ana rufe su bayan isha'i, kuma baƙon da aka tsinta kwance a tasha shi ake fara tuhuma.

Kafin ka biya, shiga ka duba. Ƙofa tana da sakata ta ciki? Ɗaga katifa ka haska ɗinkinta da tocila, in ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo, kuɗin cizo ne, nemi wani ɗaki. Leƙa bayi, tambayi inda ruwa yake fitowa, da awa nawa ake kunna janareta. Nemi ƙusa ko taga da za ka ɗaura gidan sauro, domin sauron bakin ruwa ba ya hutun hunturu.

Zaman ɗaki ɗaya yana da ladabinsa, kuma a nan abota takan yi tsami. Wanda zai tashi kafin asuba ya haɗa jakarsa tun dare, kada ya tashi mutane da ƙarar leda. Takalmi da safa a waje. Soket ɗaya ne, a yi layi, wayar mai riƙe da taswira ita ce gaba. Kuɗin abinci da na mota a tara su hannun mutum ɗaya, yana rubutawa.

Duk ƙauyen da za ku ratsa, ku fara da ƙofar mai gari, ko hakimi in akwai. A cire takalmi, a durƙusa, babban cikinku ya yi magana:

"Ranka shi daɗe, mu ɗiyanka ne daga Birnin Kebbi. Malam wane na makarantar firamare ne mai masaukinmu. Muna son mu bi bakin ruwa mu ga ƙasa, mu dawo kafin azahar, in ka yi muna izini."

Sau da yawa amsar ita ce, "Madalla, samari. Ku dakata in haɗa ku da yaro." Kada ku ce ba kwa buƙata. Yaron nan shi ne takardar shaidarku. Duk wanda ya gan ku tare da shi ya san an san da ku. Ku sallame shi da abin kirki in kun dawo. In kuwa dattijon ya ce, "Yau dai ku haƙura," to ku yi godiya ku juya, kada ku nemi dalili. Goro, sabulu ko sukari sun isa gaisuwa. Gidan da aka ciyar da ku, kada ku miƙa wa maigida kuɗi a gaban mutane. Ku ba yaro ya kai wa Inna a ciki, a ce na cefane ne.

Mataki na huɗu: jiki da takalmi

Wannan ba ya son dogon bayani. Wata guda kafin tafiya, fara taka kilomita biyar sau uku a mako, a mako na uku ka goya jakar da kayanta. Takalmin kambas mai kaurin ƙasa da ka riga ka saba da shi ya fi sabo mai tsada. Sabon takalmi bororo yake haifarwa tun ranar farko. Safa biyu masu kauri, silifas na masauki da alwala. Yanke farce. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ga likitansa tukuna.

Mataki na biyar: haɗa jaka

Nauyinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka: mai kilo 60, jakarsa ta tsaya a kilo 12. Ka tuna kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma a wunin tafiya kana buƙatar lita uku zuwa huɗu. Tunda masauki ɗaya za ka riƙa komawa, babbar jaka ta zauna a ɗaki, ka fita da ƙarama.

Jakar gwanjo mai ɗamarar ƙugu ta wadatar, don ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, ba kafaɗa ba. Lodinta irin na mangalar jaki ne, in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, mai ɗauka ne zai ji a jikinsa. Masu nauyi, wato ruwa da abinci, su jingina da bayanka a tsakiya. Tufafi da gidan sauro a ƙasa. Abin da hannu zai riƙa nema a sama.

Tufafi kala biyu masu sauƙin bushewa, dogon wando saboda ƙaya da ƙarangiya, rigar sanyi ɗaya, malafa, man kaɗe ko basilin don leɓe da diddige. Sallaya ita ce tabarmar hutu. Tocila ta gaske ban da ta waya, batirin cajin waya, layi biyu na kamfani daban-daban, da taswirar Google Maps da ka sauke tun kana gida don ta yi aiki inda ba sabis. Lambobin mai masauki da na gida a rubuce a takarda. Tsabar kuɗi ƙananan canji, a raba su wuri biyu. Masu POS suna Yelwa da Zuru, amma mai kwale-kwale ba ya karɓar tiransifa.

Guzuri namu na gargajiya ba a fi shi ba: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin kwaki da sukari, aya. Ba sa lalacewa, ba sa son wuta. Abincin kirki kuwa yana jiranka a gari, soyayyen kifi da shinkafar Yauri.

Kayan magani: filasta, bandeji mai naɗewa, farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, ƙwayar tace ruwa irin Aquatabs wadda ake jira minti 30 bayan an jefa, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In ya ƙare, haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mataki na shida: bakin ruwa

Daga Birnin Kebbi hanyar ita ce Kalgo, Jega, Koko, sai Yelwa, kilomita 200 da 'yan kai. Motar farko za ka shiga. Mai tasowa daga Gusau ya zagayo ta Sakkwato da Jega da rana tsaka, ko da zai kwana a hanya. Yanken Anka zuwa Daki Takwas ya fi kusa a taswira kawai. Tafiyar ta kai a yi kasaru, wanda a mazhabar Malikiyya yake farawa daga kimanin kilomita 80, muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba.

Ranar farko ta gari ce. Gai da mai masauki, ku je ya nuna ka inda ya dace a san da kai, ka zaga ƙofar fada da kasuwa da tashar jiragen ruwa, ka ga yadda ake sauke buhunan albasa da kwandunan kifi: giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu. A nan za ka ji ranakun kasuwannin ƙauyuka, kuma a kansu za ka tsara fitarka, domin ranar kasuwa hanya cike take da mutane, jirgi da babur ba sa yankewa. Kunnenka zai sha harsuna, Gunganci da Kambarci da Dukkanci da Nufanci, ga Hausar Sarkawa masunta. Turawan farko ma ta nan suka bi: Mungo Park a gurguwar Busa ya halaka a 1806, wurin da yanzu yake ƙarƙashin tafkin, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander kuma sun sauka Yauri a 1830.

Daga rana ta biyu sai tafiya. A fita bayan sallar asuba da gari ya waye, a bi turbar masunta da manoma ta gefen ruwa, misali ta wajen Zamare inda ake ƙetarawa Rofiya. Ku tsaya a wannan gaɓar, ku sha kallo, ku juyo. Mai jaka yana cin kimanin kilomita huɗu a awa a kan turba mai kyau, cikin yashi ko burtalin shanu bai kai haka ba. Kilomita takwas zuwa goma, zuwa da dawowa, sun isa fitar farko. Ku yanke lokacin juyawa tun a ɗaki, a ce ƙarfe goma da rabi, kuma in ya yi a juya ko an kai ko ba a kai ba. Hutun minti goma kowace awa, a kurɓi ruwa tun ƙishi bai zo ba. Fitsari ya yi ja, kai ya fara sarawa, to a nemi inuwa a sha ruwan gishiri da sukari. Wanda ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi babur zuwa asibiti nan take.

Ruwan zai yi ta kiranka, musamman da rana ta take. Kada ka shiga. Gefen tafki mai ciyawa inda ruwa ba ya gudu, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake, kuma ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Yaran garin da ka gani suna ninƙaya, da yawansu da ita suke rayuwa. Alwala da ruwan gorarka ko na rijiya. Dorina ma tana nan a ruwan Yauri. Da dare take fitowa kiwo, da asuba ta koma, kuma mafi munin wuri shi ne tsakaninta da ruwa. In ɗan rakiya ya nuna maka sawunta, ku ja da baya zuwa tudu.

Shiga jirgi shi ne wurin da na fi son a saurare ni. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, mafi yawansu ba su fita ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: lodi fiye da kima, tsufan katako, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968 suna nan tsaye a ƙasa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya daga nutsewa. Ka sayi taka in da hali, ka sa ta ka ɗaure tun kana tudu, ko da za a yi maka dariya. Dubi gefen jirgin: in tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce tafin hannu ba, ko an ɗora babura da buhuna a kan mutane, sauka ka jira na gaba. Cire jakar daga bayanka ka ajiye a ƙafa. Ka gai da sarkin jirgi, ka tambaye shi matuƙin da ya san ruwan. Bayan la'asar kuma ba shiga.

Mataki na bakwai: duwatsun Zuru

Daga Yelwa akan koma Koko a bi ta Mahuta da Dabai, ko a bi ta Rijau. Wadda za a bi, direbobin ranar ne za su faɗa, kuma in sun ce yau ba a lodi, tafiyarka ta ƙare a Yauri, ba abin kunya ba ne.

Ƙasar Lelna ce, waɗanda muka fi sani da Dakarkari, manoma masu ƙarfin hali da suka ba rundunar sojan Najeriya mazaje da yawa. Kakanninsu a kan duwatsun nan suka zauna don tsaro kafin a sauko fili, shi ya sa hawan ba motsa jiki kaɗai ba ne: akan tarar da kufai, jerin duwatsun gini, da makwancin magabata. Wasu wuraren na tsafi ne har gobe, kamar Girmace mai kadoji. Ko addininka bai yarda da abin ba, wurin na masu shi ne. A nemi izini, a bi ɗan rakiya, inda ya ce a tsaya a tsaya. Kada ka ɗauki ko tsingaro. Garin kuma Musulmi da Kirista ne a cakuɗe, sau da yawa a gida ɗaya, sai a iya baki. 'Yan mata da ke cikin tafiya su sami mace 'yar gari a masauki, su sa dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga, hijabi kuma gajere wanda ba zai harɗe ƙafa ko ya kama ƙaya ba.

Wajen hawa, gajerun taku, tafin ƙafa duka a kan dutse, a bi a karkace maimakon miƙewa sama ɗoɗar. A lissafin lokaci, kowace mita 100 ta hawa ka ƙara minti goma. Marar ƙarfin cikinku shi ne a gaba, kowa ya bi takunsa. Saukowa ta fi hawa haɗari, don a nan gwiwa take rawa, mutum kuma ya saki jiki. Busasshiyar ciyawa a kan falalen dutse santsi gare ta, inda ya yi tsayi a zauna a sauko da mazaunai, ba wanda zai rage ka da komai. Sanda tana taimako.

Abu uku za ka kiyaye. Zuma tana kafa saƙa a kogon dutse, in ka ji gunjinta ka canza hanya ba hayaniya, turare mai ƙarfi kuma a bar shi a ɗaki. Gobarar daji ta mafarauta a Disamba da Janairu sama take ci da sauri, in ka hango hayaƙi a gindin dutse kada ka hau. Sai maciji, kububuwa da kasa da gamsheƙa. Kada ka cusa hannu a ramin da ba ka ganin cikinsa, kada ka zauna kan dutse ba ka buga shi da sanda ba. In tsautsayi ya faɗa, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure ƙafar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babban asibitin Zuru. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau, ba a tsayawa neman macijin. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum yana iya jin garau a wunin farko alhali aikin yana ciki, don haka ko ya ce ya warke a kai shi.

Ranar komawa, a yi sallama da mai masauki da duk wanda aka gaisar da zuwa, a shiga motar safe, in an isa gida a kira a ce an sauka lafiya. Zazzaɓin da ya taso cikin mako biyu, a je a yi gwajin jini a faɗa wa likita inda aka je. Wanda kuma ƙafarsa ta taɓa ruwan tafki, ko wajen sauka daga jirgi ne, ya sa ido kan fitsarinsa har wata uku. In ya ga jini ko ya ji zafi, gwajin fitsari ne zai nuna, maganin kuma praziquantel ne, ana auna shi da nauyin jiki, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin.